Boilar Gidan Mai Jego

Wata Juma'a bayan an idar da salla a Laurel, nan Amurka, wasu samarinmu suka tare ni a wajen ajiye motoci. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa bayan motata, ya ga tsani da akwatin kayan aiki, ya ce, "Kawu Habibu, wannan aikin naku na lantarki ai waya uku ce kawai: baƙa, fara da koriya. Na ga wani a intanet ya haɗa boila kafin shayina ya huce."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce masa, "To, wataƙila. Amma ba lallai ba." Sai da na hau titi na ga cewa amsar nan ba ta amfani kowa ba. Ni ba na iya ba da amsa a tsaye, sai na zauna na juya magana. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku abin da na gani a sana'ar nan, iya sanina, wanda ya fi ni sani kuma ya gyara mini.

Na yi digiri a fannin lantarki tun a gida. Da na zo ƙasar nan sai na tarar takardar tana da daraja, amma ba ta ba ni izinin taɓa wayar gidan kowa ba. Sai an yi shekaru a ƙarƙashin mai lasisi, sannan a zauna jarrabawa. Na koma ɗan koyo a hannun wani dattijo baƙar fata mai suna Mista Walter, mutum mai fara'a da son kifi soyayye. Lissafin da na koyo a jami'a ya taimake ni ƙwarai, har shi ma yakan miƙo mini in duba masa. Abin da na koya a wurinsa shi ne dokokin aikin nan da kuma hali. Kafin ka taɓa waya, ka gwada ta da mita. Kafin ka yarda da mitar, ka gwada ta a inda ka san akwai wuta, don mita ma tana mutuwa ba ta faɗa ba. Ni kuma da ma na zo da nawa tsoron, sai muka dace. Ya sa mini wani laƙabi da Turanci, ma'anarsa dai Malam Wataƙila.

Akwai abin da nake so ku riƙe. A gida, sau da yawa ɗauke wuta ne ke ceton mai ganganci: ya kama waya tsirara, ashe tun safe babu wuta, ya tafi yana ganin gwanintarsa ce. A nan ba a ɗauke wa kowa. Wutar tana nan tana jira, rani da hunturu.

Kayan aikina ba su da yawa. Mita, filaya mai roba a hannu, abin feɗe waya, sukundireba iri-iri, fitilar goshi, da wani ɗan kwaɗo ja da nake kulle bireka, wato babban makunnin da ke yanke wutar layi, da shi in na kashe, makullin yana aljihuna. Wannan kwaɗon na saye shi ne bayan wata mata a Silver Spring ta ga talabijin ɗinta ta mutu, ta je ta tayar da bireka, ni kuwa ina kan tsani. Allah ya kiyaye, hannuna ba ya kan waya a lokacin. Ba ta yi da mugunta ba, shirin da take kallo ne ya kai wuri mai daɗi.

Masu kiran mu iri-iri ne. Akwai wanda zai bar maka makulli ya tafi, akwai wanda zai jawo kujera ya zauna a bayanka yana karanto maka abin da intanet ta ce. Namu 'yan gida kuwa, ba za ka fara aiki ba sai ka ci abinci, kuma ba za ka gama ba sai an ce, "Tunda ka zo, ɗan duba mana fankar nan." Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta korona. Ba mai son baƙo a gidansa, ko da fitilar kicin tana ƙyaftawa. Na yi watanni ina kai wa mutane kayan cefane a motar aikina, tsani yana ƙara a baya, buhunan dankali a gaba. Da aka buɗe gari kuma, sai muka shiga gyaran abin da mutane suka gyara da kansu a zaman gida. Ina jin wannan ya ɗauke mu fiye da shekara.

Amma aikin da nake so in ba ku labarinsa shi ne na gidan Nasiru a Wheaton. Nasiru matashi ne mai hankali, yana aikin kwamfuta a ɗaya daga ofisoshin gwamnati na Southwest Washington. Matarsa Hadiza nas ce. Sun sayi tsohon gida na jan bulo, cikin hunturu boilar gidan ta mutu, Hadiza kuwa tana da tsohon ciki, haihuwar fari. Ga wanda bai sani ba, boila wata tukunyar ƙarfe ce a ɗakin ƙasa, gas ke hura ta. Ita ke dafa ruwan da ke zagaya bututu yana ɗumama ɗakuna, kuma a gidan nan ita ke ba da ruwan zafin famfo. Ni da abokin aikina Bitrus muka karɓi aikin sa sabuwa. Bitrus mutumin Jos ne, shi ke da bututu da gas, ni ke da waya.

Ranar farko da na buɗe wayoyin tsohuwar boilar, sai da na zauna a kan bokiti. Irin wayar zamanin da ce mai rigar zare, kana taɓawa tana zuba kamar garin kwaki. Layi ɗaya ne boila ke sha da injin wanki da firiza. Babu wayar at, wato wadda ke kwashe wuta zuwa ƙasa in ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe. A wani wuri an murɗe wayoyi biyu an naɗe da salatif, an tura bayan bututu, ko akwati babu. Na jawo sabon layi tun daga allon bireka, nata ita kaɗai, cikin bututun ƙarfe. Na sa at. Na sa jan makunni a saman matakala, yadda in wani abu ya faru za a kashe boilar ba sai an sauka ba. Na kira Hadiza da Nasiru na nuna musu shi, na sa kowannensu ya danna da hannunsa.

Boila tana da masu gadi. Akwai wata 'yar na'ura da ke kashe wutar gas in ruwa ya kai iyakar zafin da aka sa masa. Akwai wadda ke kashewa in ruwa ya yi ƙasa. Akwai kuma bawul ɗin da ke tofar da ruwa in matsi ya yi yawa, shi ne na ƙarshe, bayansa babu kowa. Sannan Bitrus ya sa wani bawul a hanyar famfo, mai sirka ruwan zafi da na sanyi, don kada ya ƙona mai wanka. Na gwada kowane mai gadi, na sake gwadawa. Bitrus ya jingina da bango yana cin gyaɗa, ya ce, "Malam Habibu, ka gwada wayar nan har ta gane ka. In ta gan ka a kasuwa sai ta gaishe ka."

Muna cikin tattara kaya Hadiza ta sauka lafiya, namiji. Mahaifiyarta, Hajiya, ta iso daga Katsina don zaman jego. Abin da ya rage mana shi ne zuwan mai duba aiki na ƙaramar hukuma, a mako mai zuwa.

Ana gobe suna, da safe, Hadiza ta kira ni. Ta ce, "Kawu, bututun gidan nan suna ta ƙara kamar ana buga ƙarfe. Kuma na leƙa ƙasa na ga ruwa."

Na ce, "Ki danna jan makunnin nan yanzu, ina jira." Na ji takunta, na ji ƙas. Na ce kada kowa ya sauka, ga ni nan.

Duk hanya ina bin kusoshin da na ɗaure ɗaya bayan ɗaya a kaina, ina neman wanda na bari sako-sako. Na tarar da gida cike da mata, ana suyar cincin da nama, yara suna guje-guje suna amsa Hausa da Turanci. Na gaisa a tsaitsaye na sauka. Nasiru ya biyo ni, ya jawo ƙofa ya rufe a hankali.

Ƙasa ta jiƙe, ruwan daga bakin bawul ɗin ƙarshe ya fito. Ɗakin yana warin fenti mai zafi. Na kashe bireka, na sa kwaɗona, na gwada da mita, na buɗe murfin na'urar da ke kula da iyakar zafi. Sai ga wata 'yar guntuwar waya an gitta ta tsakanin kusoshi biyu. Ma'anarta, ko ruwan ya kai ina, wutar gas ba za ta mutu ba. An ɗaure mai gadi ke nan an rufe masa baki.

Na juya na dubi Nasiru. Yana duban takalminsa.

Ya ce, "Yaya Habibu, don Allah a hankali, kada a ji a sama. Hajiya ce kullum take cewa ruwan wankan jegon bai yi ba. Na murɗa abin zafin har ƙarshe, aka ce bai yi ba. Sai na ga wani a bidiyo ya sa irin wannan wayar, wuta ta kama."

Na san irin bidiyon. Masu gyara sukan gitta waya haka na ɗan lokaci don gano inda matsala take, suna tsaye a wurin, hannu a kan makunni, sannan su cire. Ba a tafiya a bar ta. Na ce masa, "To da ka sa, ruwan famfon ya ƙara zafi?"

"Wallahi bai ƙara ba. Shi ne abin da ya ɗaure mini kai."

Na nuna masa bawul ɗin Bitrus mai sirkawa. Na ce, "Ko boilar nan ta narke, wannan ba zai bar ruwan sama ya wuce yadda aka saita shi ba. Ka cire wa mota birki, kuma ko gudu ba ta ƙara ba. Ban ce lallai da ta fashe ba. Amma abu ɗaya ne ya rage tsakaninku da hakan, ga shi nan yana zubar da ruwa, kuma ɗakin mai jego ne a samanta."

Ya zauna a kan matakala ya riƙe kai. Na kwance wayar na sa a aljihu. Can ya ɗago ya ce, "To a cire mai sirkawar mana, ko na kwanakin jegon nan."

Na kira Bitrus a waya, na buɗe murya yadda Nasiru zai ji, na gaya masa abin da ake so. Bitrus ya ce, "A cire me? Da jariri a gida, da yara cike gobe? Nasiru, ko gwamna ne ya aiko ba zan cire ba. Mu ma a Jos an yi wa iyayenmu wankan nan, ba wanda ya fasa gida a kai. Ga ni nan zuwa da sabon bawul, na ƙarshen nan da ya tofar da ruwa ya sha wuya."

Na ce wa Nasiru ba zan kunna boilar ba sai na tabbata ba mai sake taɓa ta, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an yi wa Hajiya bayani. A waje ƙanƙara ce kwance a kan motoci, gidan ya fara hucewa, ga ɗanyen jariri, ga baƙi gobe.

Na ce, "Ka hau ka yi mata bayani."

Ya zaro ido. "Ni? Surukata? Yaya, tun da ta zo gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Duk abin da take so Hadiza take gaya wa, Hadiza ta gaya mini. In na ce mata ruwa ba zai ƙara zafi ba, ta koma Katsina ta ce a gidan surukinta a Amurka ko ruwan wanka babu? Kai dai ka yi mata. Amma don girman Allah kada sunana ya fito."

Ina hawowa na ci karo da Hadiza a bakin ƙofa, ta ɗaura zani har ƙirji da rigar sanyi a sama. Ta rage murya ta ce, "Kawu, ko me za ku yi, kada a ƙara wa ruwan nan zafi. Ni fa ake dafawa. Na ga ƙunar ruwa a asibiti, na san yadda take."

"To kin gaya wa Mama?"

"In gaya mata ta ce Amurka ta lalata ni?"

Haka na shiga kicin ɗauke da amanar mutum biyu, ba wanda ya yarda a ambace shi. Hajiya tana zaune a kujera tana dama kunun kanwa, doguwar mace mai tabarau. Na durƙusa na gaishe ta, na yi barka, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida, na tambayi sanyi. Da gaisuwa ta ƙare ba yadda zan yi, na fara. Na ce ita boila iri-iri ce. Na ce a wasu gidajen, ba duka ba, akan sami yanayin da zafi kan so ya yi yawa. Na ce masana sun yi saɓani a kan wasu abubuwa, amma galibi dai.

Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam mai wuta, kana ta kewaye kamar mai neman aure. Gidan nan zai kama wuta ne ko ba zai kama ba?"

Matan da ke suya suka juyo suna kallona.

Na ce, "Ba wuta ba dai, Hajiya. Tukunyar ƙarfen da ke ƙasa ce, in aka matsa mata ta ba da ruwan da ya fi wannan zafi, tana iya fashewa. Ruwan famfon nan ba zai wuce haka ba, kuma bai kamata ya wuce ba."

"Saboda wankan mai jego ake matsa matan?"

Na ce, "Kusan haka ne."

Ta yi salati, ta tafa hannu. "Ni wa ya ce muku ruwan famfo nake so? Tun ranar da na sauka na ce a nemo mini babbar tukunya. Mai jego ta ce wai a nan ba a yin haka, famfo ke kawo komai. Na yi shiru, na ce garin mutane ne. To ganyen da na sa aka sayo mini a shagon 'yan Afirka, a famfo zan dafa shi? Ruwan da bai ga ganye ba ai ba na jego ba ne, ko da zai sale fata."

Hadiza daga bakin ƙofa ta ce, "Mama, tsoro na ji. Na ɗauka tafasasshe za ki zuba mini."

"Ji shirme. Ke na haifa ko kaza na saya? Ganye ake dafawa, a sirka, in sa gwiwar hannuna in ji. Wadda ta yi mini nawa muguwa ce, na rantse ba zan yi wa tawa haka ba."

Kicin ya kaure da dariya. Wata daga cikin masu suyar ta ce ai tukunyar da take dafa shinkafar taro tana garejinta, ba nisa. Ni dai na roƙi abu biyu: a riƙa sirkawa tun a kicin kafin a ɗauka, kuma a kori yara daga hanya. Maganar iya zafin da ya dace kuwa na bar wa uwa da 'yarta, tunda 'yar nas ce, ta fi ni sani.

Bitrus ya iso ya canza bawul. Ni kuma na canza na'urar iyakar zafin gaba ɗaya. Mai yiwuwa lafiyarta lau, amma ban ga dalilin yarda da ita ba. Muka kunna, muka tsaya muna kallon allurar zafi tana hawa. Da ta kai inda aka sa mata, wutar gas ta mutu da kanta. Na bari ta sake zagayowa, ta sake mutuwa. Bitrus ya ce in na ce a yi na uku zai tafi ya bar ni. Aka yi na uku yana tsaye.

Da na hau yin sallama, ɗakuna sun fara ɗumi, tukunya tana kan wuta, ƙamshin ganye ya cika gidan. Nasiru yana tsaye a bakin kicin da bokiti biyu, kai a sunkuye. Hajiya ba ta dube shi ba, ni ta duba.

Ta ce, "Malam Habibu, ka gaya wa maigidan nan, ina ganinsa yana saɗaɗawa ƙasa da sukundireba a aljihu, tabarau ne da ni. Na san don ni ya yi, Allah ya yi masa albarka. Amma in ya sake, jirgi zan bi da 'yata da jikana, ya zauna da tukunyar ƙarfensa."

Tsakanina da Nasiru bai fi in miƙa hannu in taɓa shi ba. Na juya na ce, "Nasiru, Hajiya ta ce."

Ya durƙusa da bokitansa ya ce, "Yaya, ka ce mata na ji, ba zan ƙara ba."

Na juya na ce, "Hajiya, ya ce ya ji."

Ta ce, "Ai na ji shi, ba kurma ba ce ni. Ya kawo bokitan."

Washegari aka yi suna a gida mai ɗumi, mai duba aiki ya zo a makonsa ya sa hannu. Tun daga lokacin Nasiru ko ƙwan fitila ne ya mutu sai ya kira ni. Nakan ce masa wannan kam zai iya da kansa, ba sai na zo ba. Ya dai kashe makunni tukuna, ya bari ƙwan ya huce, kada ya hau kujera mai taya. In ya gama kuma ya ɗan kira ni in ji.